Rairayi mai tafasa ba da ruwa ba

A wasu manyan masana'antu akwai wata doguwar tukunya ta ƙarfe. Gindinta yana da ƙananan huji masu yawa, kamar na madambaci. Ana zuba rairayi a ciki, sa'an nan a hura iska daga ƙasa.

In iskar ba ta da ƙarfi, sai ta bi ta tsakanin ƙwayoyin ta wuce, rairayin ko motsi. In aka ƙara mata ƙarfi har ta ɗauki nauyin ƙwayoyin, sai rairayin ya kumbura, ya shiga zaɓalɓala kamar kunu bisa wuta. A lokacin nan dutse yana nutsewa cikinsa, guntun icce kuwa yana yawo a sama.

Amfanin abin shi ne cuɗanya. Ƙwayoyin suna hawa suna sauka, zafi ya zama ɗaya ko'ina. Wani Bajamushe, Fritz Winkler, ya fara aiki da wannan dabara don fitar da gas daga gawayin ƙasa. An kafa babbar tukunyarsa a Leuna, cikin Jamus, a 1926.

Amma daidaiton nan yana da saurin ɓaci. In iska ta yi yawa, kumfa yana haɗuwa ya yi girma, ya haye sama da sauri bai taɓa ƙwayoyin sosai ba, kuma ƙananan ƙwayoyi su bi iska su fice.

Girman ƙwaya ma yana da nasa. A 1973 wani Baturen Ingila, Derek Geldart, ya kasa ƙwayoyi kashi 4. Masu laushi ƙwarai, irin garin alkama ko siminti, manne wa juna suke. Iska sai ta haƙa rami guda, kamar na ɓera, ta riƙa bi ta nan, sauran garin yana kwance. Danshi ma haka yake sa rairayi ya yi. Manyan ƙwayoyi irin masara kuwa, tsartuwa suke ta tsakiya.

In wasu huji suka toshe, rairayin da ke kansu ya daina motsi. Inda ake ƙona gawayi da zafin wajen digiri 850, wurin nan sai ya zarce sauran zafi. Toka ta yi danƙo, ta dunƙule da rairayi, dole a kashe wuta a fasa dunƙulen.

Tambayoyi
1. Yaushe rairayi yake fara zaɓalɓala?
2. Don me garin alkama ba ya cuɗanya da kyau?
3. Me ke faruwa in huji suka toshe?