Filin Bakanike: Prado ɗina tana buga "gwaf" a gaba, an ce in sauya aksul

Malam Injiniya,

Ina da Prado 120 ƙirar 2006, mai injin V6 da giya otomatik. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Jalingo da Gembu, wani lokaci har cikin rugage inda babu kwalta. Tun ƙarshen damina ta fara wata ƙara a ƙarƙashin gaba. Idan na sa giyar tafiya ko ribas sai in ji "gwaf" sau ɗaya, har a ƙafata nake jin bugun. Haka idan na ɗaga ƙafa daga totur a kan hawa na sake takawa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa shiru take, ba kuka ba rawa.

Na kai ta wurin bakanike uku. Na farko ya ce aksul ɗin gaba ya mutu, in kawo kuɗi a sayo na Baljiyam. Na biyu ya leƙa ya ce bushin ne, zai yanko mini daga tsohuwar taya ya cusa, kafin la'asar in ɗauki motata. Na uku ya ce a cire robar gaba ɗaya a yi walda, in huta har abada. Na kuma lura ƙasan wurin kullum a jiƙe yake da mai. Malam, wa zan bi? Motar nan ita ce abincin gidana, kuma damina ta kusa.

Naka,
Mai karatu daga Gembu, Jihar Taraba

AMSA

 Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare hanya.

Kada ka biya kuɗin aksul tukuna. Abin da ka kwatanta ya fi kama da maganar bakanike na biyu, wato ya gano ciwon, amma maganin da ya ba ka ban yarda da shi ba. Na uku kuwa kada ka bari ya kusanci motar da wutar walda.

Bari in faɗa maka yadda gaban motarka yake, don ka iya tsayawa a gareji ka yi magana da hujja. Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, da Land Cruiser 80, aksul ɗinsu na gaba sandar ƙarfe ɗaya ce daga taya zuwa taya, tana hawa tana sauka tare da tayoyin. Prado ta bar wannan tsari tun daga 90 da ta fito a 1996, kuma 120 ɗinka, da aka yi daga 2002 zuwa 2009, a kan sabon tsarin take. Kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai, tukunyar aksul ɗin kuma a ɗaure take a jikin shasi, shaf biyu na fita daga cikinta zuwa tayoyi, farfela na shigo mata daga baya. Wuri uku aka ɗaure ta: hannu biyu ta gaba, mariƙi ɗaya ta baya, kowanne da roba a tsakaninsa da shasi. Duk lokacin da ƙarfin inji ya shigo ta farfela, tukunyar tana son ta juya, robobin nan ne ke riƙe ta suna shanye bugun. Idan roba ta tsage ko ta rabu da ƙarfen da ke tsakiyarta, tukunyar sai ta sami wurin wasa, ta ɗaga ta bugi ƙarfe. Wannan shi ne "gwaf" ɗinka. Sau ɗaya yake zuwa saboda sau ɗaya ƙarfin ke sauya alkibla.

Kuma Prado irin taka ƙafa huɗu take ja kullum, ko a kan kwalta. Mai Hilux yakan yi watanni da mataccen bushin bai sani ba, don gabansa ba ya ɗaukar ƙarfi sai ya sa ogzileri. Kai kuwa robobinka ba su da hutu, balle ga mai hawan dutsen Mambila daga Mayo Selbe da kaya a baya, ana taka totur ana saki a kowace kwana.

Aksul ɗin da ya lalace daga ciki muryarsa daban ce. Kuka yake yi ko gurnani, yana ƙaruwa da gudun mota, kuma idan aka kwance notin tsiyayar mai za a ga ɓarɓashin ƙarfe masu kauri manne a maganaɗisun da ke jikinsa. Kai ka ce a kan hanya shiru take. Wannan kaɗai ya isa a dakatar da maganar Baljiyam. Ka kuma tuna aksul ɗin Baljiyam da tsofaffin robobinsa yake zuwa, ko kuma a mayar masa da naka matattun, ka biya kuɗi mai yawa ƙarar tana nan.

Ga yadda za a tabbatar. A hau da motar kan rami, a cire farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji, a wanke wurin, a haska fitila. A sa ƙarfen ɓamɓare taya tsakanin hannun da shasi a ɗan danna. Lafiyayyar roba takan ba da kai kaɗan ta dawo. Matacciya za ka ga tsaga, ko ka ga ƙarfen tsakiya yana yawo, ko ka ga wuri ya yi sheƙi inda ƙarfe ke cin ƙarfe. Gwaji na biyu shi ne a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, ka taka birki sosai kana sauya giya tsakanin gaba da ribas. Ina roƙonka kada kowa ya kwanta a ƙarƙashi ko ya tsaya a gaban motar lokacin wannan gwaji. Ka kunna bidiyon wayarka ka ajiye ta a ƙasa tana kallon aksul ɗin, daga baya ku kalla tare. Idan tukunyar tana tsalle, magana ta ƙare.

Tunda an riga an shiga ramin, a kama farfelar gaba da ta baya a murɗa da hannu a ji ko kuros ya yi sako-sako, a kuma ɗura musu giris, domin busasshiyar farfela ma tana buga irin wannan ƙara. Shaf ɗin taya idan ya mutu "ƙas-ƙas-ƙas" yake yi lokacin da aka karya kan mota gaba ɗaya, ba ya ɓoyuwa. A duba kujerar inji da ta giya, da bushin ɗin ƙafar ƙasa.

Yanzu maganar man da ka gani, wadda ka sa a ƙarshen wasiƙarka, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Mai yana cin roba. Yana sa ta kumbura ta yi laushi har ta saki ƙarfenta. Ko dai baƙin mai ne ke ɗigowa daga inji, ko man sitiyari, ko kuma sil ɗin aksul ɗin ne ya saki saboda tukunyar na rawa tana wahalar da shaf. Ko wanne ne, a nemo shi a toshe a rana ɗaya da sauya bushin, in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi. Idan daga aksul ɗin ne, a duba ɗan bututun numfashinsa, domin idan laka ta toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, ta sil take turo man waje. Sannan a duba yawan man. Abin da tukunyar ke ɗauka bai kai lita 2 ba, saboda haka ɗigo kaɗan-kaɗan na iya ƙarar da shi, a nan ne kuma maganar bakanike na farko za ta zama gaskiya. Man giya GL-5 ake sa mata, irin 75W-90. A fara kwance notin ɗurawa kafin na tsiyayewa. Idan man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwan rafi ya shiga, a zubar a sa sabo.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne ga wanda ya iya. Ba sai an sauke aksul ɗin duka ba. A tokare tukunyar da jak daga ƙasa, da katako a tsakani, a kwance hannayen gaba ɗaya bayan ɗaya. Toyota galibi hannun take sayarwa da robarsa a ciki, wanda shi ne mafi sauƙi: cire tsoho, ɗaura sabo. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da bushin ɗin shi kaɗai, ya fi araha, amma sai an fitar da tsohon da injin matsi. Inda babu injin, ana amfani da dogon bol mai zare da gutsuren bututu a jawo shi a hankali, ko a yanke zoben ƙarfen tsohon da zarto daga ciki a fitar. Kafin a cire, a yi alamar yadda tsohon ya zauna, domin idan robar mai ramuka ce, ramukan suna da inda suke fuskanta. Ban son a ƙona roba da wuta a ƙarƙashin mota mai fetur, ban kuma son a buga sabon bushin da guduma, don tun kafin ya fara aiki an raunata shi. A sa dukkan bol ɗin da hannu tukuna, a sauke jak tukunyar ta zauna daidai, sannan a ɗaure da sifanar awo gwargwadon abin da littafin Toyota ya faɗa. Tunda robobin uku shekarunsu ɗaya, ka sauya su tare.

Robar taya tana da ranarta. Idan mota ta tsaya maka a daji, ita za ta kawo ka gari, kuma masu yanka ta sun ceci mutane da yawa. Amma bushin na asali roba ce da aka gasa ta manne da ƙarfen ciki da na waje, ita kuwa ta taya cusa ta kawai ake yi, ba abin da ya riƙe ta, ga taurinta ba a auna shi da wannan aiki ba. Walda kuma ta fi muni. Bugun da roba ke shanyewa zai wuce kai tsaye cikin hannayen da shasi da jikin tukunyar, ƙarar giya ta cika cikin mota, ƙarshenta wani abu ya tsage, kuma tsagewar tukunya ta fi bushin tsada nesa ba kusa ba. Akwai masu sa bushin na foliyuretan, wanda ya fi roba tauri kuma mai bai cika cinsa ba. Yana da kyau ga motar wasan daji, amma yana shigo da rawa da ƙara cikin mota. Ga mai doguwar tafiya da iyali da kaya irinka, roba na fi so.

Wajen saye, ka tafi da lambar shasin motarka, ko ka aika ta ga wanda zai sayo maka a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma a gwada sabon da tsohon gefe da gefe kafin a ɗaura. Wannan kaya ne da ake saye sabo. Roba tana tsufa ko da ba a yi aiki da ita ba, don haka ta Baljiyam ba riba ba ce.

Kafin kayan su iso, ka riƙa tashi a hankali, ka bar mota ta tsaya cak kafin ka sa ribas, ka rage kaya, kuma ka sa a duba man aksul ɗin gobe da safe. Ka gama aikin nan kafin ruwa ya sauka a kan dutse, sannan ka rubuto mana ka faɗa mana abin da aka gani a cikin ramin.