Garin Kiriyatin a Gida: Yadda Za a Ajiye, Yadda Za a Sha

Tun da samari suka rungumi ɗaga ƙarfe, robar kiriyatin, wato garin da suke sha don ƙarin ƙarfi, ta samu wurin zama a ɗakuna da yawa, wani lokaci ma a kicin kusa da gishiri.

1. Danshi ne abokin gabarsa, ba daɗewa ba. Garin da aka rubuta wa creatine monohydrate, muddin a bushe yake, yakan kai wa'adin shekara 2 zuwa 3 da kamfani ke bugawa, har ya zarce bai rasa ƙarfinsa ba. A rufe murfi gam, a sa a kabad nesa da murhu da randa, musamman da damina. Kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali. Ɗan ƙunshin nan da ke cikin robar laima yake tsotsewa. A bar shi, amma kada yaro ya kai shi baki.

2. Dunƙulewa kawai ba lalacewa ba ce, a murmushe a sha. In ya canja launi, ko ya yi wari ko funfuna, a zubar.

3. Da an dama, a shanye. A cikin ruwa yana rikiɗewa sannu a hankali ya koma kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, kuma zafi da tsami suna hanzarta hakan. Wanda ya dama na kwana uku cikin zoɓo ya bari a gora, kuɗinsa yake zubarwa.

4. Giram 3 zuwa 5 a rana ya isa. Masu gaggawa kan sha giram 20 kullum na kwana 5 zuwa 7, a raba kashi huɗu, amma a ganina wahalar ciki ce kawai, tunda ƙaramin awon ma yana kai mutum matakin da suke nema cikin kamar wata guda. Nauyin da ke ƙaruwa a makon farko yawanci ruwa ne da tsoka ta riƙe. Da azumi sai a bari bayan buɗa-baki.

5. Mai ciwon ƙoda, da mai ciki, da mai shayarwa, da wanda bai kai 18 ba, su fara ganin likita. Mai zuwa gwajin jini kuma ya faɗa cewa yana sha, don yakan ɗaga kiriyatinin har a zaci ƙoda ce ta taɓu.

6. A duba lambar NAFDAC da hatimin murfi, a guji wanda ake aunawa a leda. Garin ba daga dabba ake samo shi ba, amma in na kafso ne, ɓawonsa kan zama na jelatin, don haka mai neman halal ya karanta jikin robar.