Ƙarfe Mai Danƙo da Santsin Fuskar Aiki

Ɗalibai da yawa suna zaton ƙarfe mai laushi ya fi sauƙin fiƙewa a kan inji. Ba haka ba ne. A zangon da ya wuce wani ɗalibina ya ɗora sandar jan ƙarfe a injin fiƙe ƙarfe, ya rage gudu don tsoro, fuskar aikin ta fito da kaushi kamar an yage ta. Sandar ta tashi aiki, kuma jan ƙarfe ba araha ba ne a Kasuwar Ƙofar Ruwa.

Ga abin da ya faru. Ƙarfen zubi yakan farfashe ya zube ɓarɓashi. Amma jan ƙarfe da alminiyum suna da danƙo, sai su fito kamar zare. Matsi da zafi sukan liƙa ɗan ƙarfen a bakin wuƙar injin, ya yi ta taruwa har ya zama shi ke yankan, ba wuƙar ba. Can sai ya ɓalle, wani ya bi zaren, wani ya maƙale a jikin aikin. Kaushin ke nan.

Maganinsa: a wasa wuƙa sosai, a karkata fuskarta yadda zaren zai zame, a zuba mai. Ga alminiyum kananzir ma yana yi. A ƙara gudu, kada a rage. Yankan ƙarshe ya zama kaɗan, amma in ya cika ƙanƙanta wuƙar gogawa za ta yi, ba yanka ba.

Akwai ƙarfen da ya yi suna wajen wannan hali, wato niyobiyum, wanda Charles Hatchett ya gano a Ingila a 1801. Ba baƙo ba ne gare mu. Daga kwalambayit ake samunsa, dutsen da ake haƙa tare da kuza a Jos da kuma Riruwai a nan Jihar Kano. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit; yau Brazil ce ke samar da mafi yawan niyobiyum. Shi ba a cika masa gudu, sai dai ruwan sanyaya da yawa, domin ƙananan ɓarɓashinsa suna iya kama wuta. A manyan injinan binciken kimiyya, inda ɗan kaushi kan rage ƙarfin aiki, wuƙa ba ta isa ba, sai an wanke fuskarsa da asid.