Kula da Robar Riƙe Haƙori

Cire wayar gyaran haƙori ba shi ne ƙarshen aiki ba. Haƙora kan koma mazauninsu na da a hankali, shi ya sa likita ke ba ka robar riƙe su, wato ritena.

Babban maƙiyinta zafi ne. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta, haka ma barinta cikin mota a rana. Ko shayi za ka sha, cire ta tukuna. Wanke ta kullum da ruwan sanyi da burushi mai laushi, ban da man goge baki, don yana kankare ta. Kada ka naɗe ta a tishu, cikin shara take ƙarewa.

Idan ta tsage ko ta ƙi shiga, koma wurin likita a makon.