Shawara ga Fataken Jimeta Masu Zuwa Ƙasar Sin

Ya ɗan'uwa mai fatauci, wanda ya bar rumfarsa a kasuwar Jimeta, ya tashi daga filin jirgin Yola da nufin sayo kaya a birnin Guangzhou, ka sani lalle yunwa za ta kai ka gidan da ake sayar da jiaozi, wato ƙullin fulawa da ake murzawa fale-fale, a naɗe niƙaƙƙen nama da ganye a ciki, sannan a dafa a ruwa ko a turara.

Kada kamanninsa da ɗanwake su sa ka saki jiki, domin ɗanwake zahirinsa da baɗininsa ɗaya ne, shi kuwa wannan abin da ke cikinsa a ɓoye yake, kuma galibin abin da mutanen can suke cusawa naman alade ne. Hatta na ganye zalla akwai shubuha a kansa, saboda akan sa masa kitsen alade ko giyar girki. Saboda haka nemi gidajen Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, waɗanda suke da yawa a unguwar Xiaobei, inda za ka ga allo, sau da yawa kore, ɗauke da alamar halal, masu hidima kuma da fararen huluna. Nan za ka sami na rago da na sa.

In an kawo, yi bismilla, ka tsoma a ruwan tsami, ka ɗan gutsura tukuna, gama romon cikinsa yana ƙona harshe. In tsinkayen cin abincinsu sun gagare ka, roƙi cokali, ba abin kunya ba ne.