Maƙerar Tarayya: Abin da Za Mu Haɗa, da Abin da Kowa Zai Riƙe

'Yan'uwa manoma, in an gama kaka aka zuba hatsi a rumbu, hannuwa da yawa sukan zauna banza har saukar ruwa. Samari su tafi cin rani, waɗansu ba sa dawowa sai an yi noman farko. Saboda haka ne waɗansu ƙungiyoyinmu na gama kai suka fara tambaya a kan ƙirar azurfa da tagulla, wato zobe, awarwaro, 'yan kunne da sarƙa. Sana'a ce mai kyau ga rani, gama ba ta bukatar fili, kayanta kuma ba sa ruɓewa in kasuwa ta ƙi. Amma kayan aikinta sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Darasinmu na wannan karo a kan yadda za a mallaki kayan nan tare ne, ba tare da an rabu da faɗa ba.

Mu fara da tuna cewa sana'ar tana da masu ita. A ƙasar Hausa akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da garma, akwai kuma maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. A Bida, Nufawa sun yi suna da aikin tagulla, a Agadas kuma maƙeran Abzinawa sun yi suna da azurfa. A wuraren nan duka gado ne, yaro yakan fara da zuga wuta shekaru kafin a ba shi masaɓa. Kada ƙungiya ta ɗauka in ta sayi kaya ta zama maƙeriya. Kafin a sayi ko allura, a nemi maƙerin fari na kusa, a girmama shi, a yi ciniki da shi a kan ladan koyarwa. Shi zai gaya mana abin da ke samuwa a kasuwarmu da wanda za a sha wuyar gyararsa.

Kayan da ya kamata a haɗa

Abin da ke da tsada, mai nauyi, wanda kuma ba a aiki da shi kullum, shi ne na tarayya. Uwar maƙera da zugazugi suna ciki. Haka nan injin hannu mai gammo biyu na ƙarfe wanda ke lailaya azurfa ta zama faifai, da farantin ƙarfe mai ramuka manya da ƙanana wanda ake jan waya ta cikinsa har ta yi siriri. Injin nan shi ne mafi tsada, kuma mutum ɗaya ba zai yi aiki da shi fiye da ɗan lokaci a mako ba. Amma yana da doka. Ba a sa masa baƙin ƙarfe, ba a sa masa jiƙaƙƙen abu, gama tabo ɗaya a jikin gammon zai fito a kowane faifai da za a lailaya daga baya. Azurfa da tagulla sukan taurare in ana ta lailaya su, sai a mai da su wuta su yi ja kaɗan, a sanyaya, a shanya su, kāna a ci gaba. Mai gaggawa da ya ƙi yin haka zai tsage ƙarfensa, ya kuma wahal da injin kowa.

Ƙananan kaya kuwa, kamar magagari, ƙaramin zarto, almakashi da ƙaramin awartaki, mun fi so kowa ya sayi nasa, ko ƙungiya ta ba shi bashi ya biya bayan ciniki. Mun ga yadda ake yi da fartanyar aro. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan: magagarin da ya ci darma, in aka goga shi a azurfa, ɗan ƙurar da ya bari zai huda azurfar da zarar ta shiga wuta. Don haka kaskon narka azurfa dabam, na tagulla dabam, a yi wa kowanne alama. Darma kuma kada ta shiga ɗakin ko kaɗan, ko da wani yana so ya liƙe bokitinsa.

Sikeli da littafi

A nan ne muke so mu daɗe, gama a nan ƙungiyoyi suke mutuwa. Taki in ya ragu da mudu ɗaya, ido zai gani. Azurfa kuwa takan tafi a ƙura, giram ɗaya yau, biyu gobe, ba wanda ya gani, sai ƙarshen rani a ga kuɗi bai cika ba, a fara kallon juna. Sau da yawa ba wanda ya yi sata. Ƙurar ta bi shara, ta manne a tufafi, ta tafi da ruwan wanke hannu. Amma zargi in ya shiga tsakanin 'yan'uwa, ba ya fita da sauƙi.

Shawararmu ita ce, ƙungiya ta sayi azurfa da tagulla a dunƙule domin sauƙin kuɗi, amma kada a yi aiki da su a dunƙule. Ma'aji ya auna wa kowa nasa a gaban mutum na uku, a rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala. In ya gama, a sāke aunawa. Ga misali. An ba Malam wane giram 100. Ya kawo awarwaro biyu masu giram 80, gutsattsari giram 15, ƙura giram 3. Saura giram 2 ke nan. Shin wannan asarar wuta ce ta gaskiya? Ba za mu yanka muku adadi daga nan ba. Bari malamin ƙira ya yi aiki sau uku a gaban kowa, a auna abin da ya ɓace masa, a ƙara ɗan sassauci domin masu koyo, a rubuta shi ya zama doka. Wanda ya wuce wannan ya biya, ba tare da an kira shi da wani suna ba.

Sikelin ya zama mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, a kuma ajiye wani ƙarfe da aka san nauyinsa a riƙa gwada shi. Mai riƙe da littafi kada ya zama mai riƙe da mabuɗin akwati. A shimfiɗa fata ko tire a ƙarƙashin wurin guga domin tare ƙura, a bi ta da maganaɗisu ya kwashe ɓarɓashin baƙin ƙarfe kafin a narkar.

Sanin abin da muke saya

Azurfa tsantsa tana da laushi ƙwarai, shi ya sa ake gauraya ta da jar tagulla. Wadda ake bugawa lamba 925, kashi 925 cikin 1,000 azurfa ne. Lissafinta ba wuya: azurfa giram 37, tagulla giram 3, sun ba da giram 40. Iyayenmu sun narka liyari, tsohon kuɗin nan mai hoton sarauniyar Ostiriya da shekarar 1780 a jikinsa. Nauyinsa wajen giram 28 ne, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000. Sun kuma narka sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913, waɗanda na azurfa ne. Amma daga 1920 aka koma buga su da tagulla, sulen Nijeriya na 1959 kuma, ko da yake fari ne, ba azurfa a cikinsa. Ba kowane farin ƙarfe ba ne azurfa, kuma gwajin maganaɗisu bai isa ba, gama akwai farin ƙarfe na tagulla da tutiya da nikel wanda maganaɗisu ba ya kama shi. A tafi saye da malamin ƙira. Abin da muka gauraya kuma, mu faɗa wa mai saye gaskiyarsa.

Tagulla ta fi araha, da ita ya kamata masu koyo su yi ranin farko. Sai dai a lura da inda ta fito. Yawancinta tsohuwar waya ce, waɗansu kuwa sukan yanko ta daga turakun lantarki. In mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo ta, a bar masa kayansa.

Wuta da lafiya

Azurfa tana narkewa a wajen digiri 962, jar tagulla a 1,085. Gawayin ƙirya da zugazugi sukan kai nan, shi ya sa maƙera suke sonsa, ko da yake itacen yana ƙaranci a wurare da yawa, ya kamata mu bar masu tsirowa a gonakinmu. Murhun ya kasance a rumfa mai iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana ba da iskar da ba ta da wari, tana kuwa kisa. Ƙarfen liƙi na azurfa mai kadmiyam a ciki hayaƙinsa dafi ne ga huhu, a tambaya kafin a saya. Domin wanke baƙin wuta, alif a ruwan ɗumi ya isa, ko ruwan tsamiya da lemun tsami, ba sai an taɓa ruwan batir ba. A tsamo kaya da itace ko awartakin tagulla, gama baƙin ƙarfe in ya shiga tsohon ruwan yakan sa azurfa ta yi ja.

Kada kuma kowa ya kai aikin narki gida. A 2010 ɗaruruwan yara suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda darmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Aikinmu ba irin nasu ba ne, amma wanda yake narka tsofaffin ƙarafa bai san duk abin da ke cikinsu ba, yaro mai rarrafe kuwa kome ya taɓa baki yake kai wa.

Kafin taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta aiki mutum biyu, namiji da mace, su zaga kasuwarsu. Su duba irin zobba da 'yan kunnen da ake saye, da kuɗinsu, da na kanti masu araha da za mu yi gasa da su. Su kuma tambayi maƙerin fari ko zai yarda ya koyar, da kuma nawa zai karɓa.