Ga Mai Son Shiga Tseren Jiragen Ruwa a Tsakiyar Teku

A tseren Whitbread na zagaye duniya da aka yi daga 1985 zuwa 1986, Tracy Edwards 'yar Ingila ta samu gurbi a jirgin Atlantic Privateer a matsayin kuku, domin a wancan zamani kusan ta ƙofar girki kaɗai mace ke hawa irin waɗannan jirage. Da aka zo tseren 1989 sai ga ta kyaftin. Ta jinginar da gidanta ta sayi tsohon jirgi, ta sa masa suna Maiden, ta tara mata zalla, Sarki Husaini na Jodan ya sa kamfanin jiragen saman ƙasarsa ya ɗauki nauyinsu. 'Yan jarida sun yi ta yi musu dariya, ana cewa ko zangon farko ba za su ƙarasa ba. Suka ci zango biyu a rukuninsu, suka gama na biyu.

Ƙanwata mai sha'awar wannan sana'a, na kawo labarin ne don ki lura da ƙofar da ta bi. Ba ta raina girkin ba. Ta shiga, ta buɗe ido, ta koyi duba hanya, ta fito da abin da ba wanda zai ƙwace mata. Yau ƙofofin sun ƙaru, amma dabarar tana nan yadda take: ki hau jirgi da wani aikin hannu da jirgin ba zai iya tafiya babu shi ba.

Jirgin tsere na tsakiyar teku iska ce ke tura shi, kuma kowane kilo da aka ɗora masa yana rage masa gudu. Saboda haka kyaftin ba ya ɗaukar mai tuƙi kawai. Yana neman mai tuƙin da ta iya ɗinke ƙyallen iska in ya yage da tsakar dare, ko ta san wayoyin lantarki da batura, ko ta iya gyaran inji da na'urar da ke mayar da ruwan gishiri ruwan sha, ko ta iya ɗinke rauni da ɗaure karaya, ko ta ƙware a karanta hasashen yanayi ta ce a bi nan kada a bi can. Zaɓi ɗaya ki nutse a cikinsa. Sam Davies, wadda ta jagoranci tawagar mata ta SCA a tseren Volvo na zagaye duniya, injiniya ce da ta yi karatu a Jami'ar Kambirij. Pip Hare kuwa, a tseren Vendée Globe na 2020 zuwa 2021, wanda mutum ɗaya ke zagaye duniya shi kaɗai, allon juya akalar jirginta ya lalace a Tekun Kudu, inda babu tashar da za ta raɓa, ta cire shi ta sa wani ita kaɗai, ta ƙarasa tseren. Ta iya haka ne don ta gwada aikin tun jirgin yana ɗaure a tasha. A ganina duba hanya da lantarki sun fi kowane fanni riba ga mace, domin a nan ba wanda zai fake da maganar ƙarfin damtse ya ture ki.

Sai maganar nisan tafiya. A wannan harka ana tambayar mil nawa kika yi a teku kafin a tambayi sunanki. Takardar shaidar Yachtmaster Offshore ta hukumar RYA ta Birtaniya, wadda masu jirage da yawa ke dubawa, ba a zama jarrabawarta sai mutum ya yi kwana 50 da mil 2,500 a teku, ciki har da tafiyar dare da tafiyar da shi ne kyaftin. Hanya mafi araha ta tara wannan ita ce aikin kai jirgi: an gama tsere a wani gari, ana neman masu mayar da jirgin gida. Babu tafi, babu hoto, kuɗin ma ba ya taka kara ya karya, amma a nan ake ganin wadda ke tashi in an tashe ta. Ki riƙe littafi kina rubuta kowace tafiya, kyaftin ya sa hannu. Ki yi kwas ɗin tsira a teku da na agajin gaggawa, domin manyan tsere irin su Fastnet da Sydney zuwa Hobart suna sharɗanta wa wani kaso na ma'aikatan jirgi samun su, kuma mai takarda a hannu ita ake fara kira in gurbi ya faɗo.

Kuma dole ki je inda jiragen suke. Lorient a Faransa ita ce cibiyar wannan sana'a, sai Cowes da Hamble a kudancin Ingila, da Sidni, da Kef Tawun. In Faransa kika nufa, koyi Faransanci, ba makawa. A can akwai matakala sananniya: ƙaramin jirgin Mini mai tsawon mita 6.5 da ake tsallaka Atilantika da shi mutum ɗaya, sannan Figaro, sannan manyan jiragen IMOCA. Ellen MacArthur da Justine Mettraux da Clarisse Crémer duk ta Mini suka biyo. Kada kuma ki raina aikin tudu, wato tawagar da ke gyara jirgi tsakanin zango da zango. Da yawa daga nan suka tsallaka cikin jirgi.

Yanzu zaman tare, wanda shi ne ke kayar da mutane fiye da igiyar ruwa. A jirgin tsere ana raba mutane gida biyu, waɗannan su yi awa huɗu a sama, waɗancan su kwanta, sannan a sauya, dare da rana, mako uku ko fiye. Gadon da kika tashi a kai wani ne zai kwanta. Abinci busasshe ne da ake zuba wa ruwan zafi. Duk lokacin da jirgi ya juya, sai an kwashe kaya masu nauyi daga wannan gefe zuwa wancan, ko da lokacin barcinki ne. A irin wannan ƙunci zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma ƙananan abubuwa ke gina suna ko su rusa shi. Ki fito karɓar aiki minti biyar kafin lokaci, a shirye, da rigar ceto a jikinki. In za ki sauka, gaya wa mai karɓar ki abin da iska ke yi da abin da kika ji yana ƙara. In kin haɗa shayi, haɗa wa kowa, amma kada ki bari shayi ya zama aikinki ke kaɗai don ke mace ce. Ki nemi a ba ki tuƙi a iska mai ƙarfi, ki nema da baki, domin ba za a miƙo miki ba. In kin ɓata abu, faɗa nan take, igiyar da aka ɗaura ba daidai ba aka ɓoye tana iya karya sandar jirgi. In wani ya ɓata miki rai, jira ku huce ku yi magana ku biyu, ba a gaban jama'a da ƙarfe uku na dare ba. Sannan ki maƙala igiyar tsira ko da kin ga manya ba su maƙala ba. A 2018 John Fisher, gogaggen ma'aikacin jirgin Scallywag, ya faɗa Tekun Kudu ba a same shi ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: kayan ruwa galibi a jikin maza aka auna su, makewayi babu sirri, kwanakin al'ada kuma ba sa jiran iska ta lafa. Tambayi matan da suka riga ki yadda suka yi. Ƙungiyar Magenta Project, wadda matan SCA suka kafa bayan tserensu, tana haɗa sababbin shiga da gogaggu. In kuma zama a jirgi ɗaya da maza bai dace da ke ko da gidanku ba, wannan magana ce da za ki gama da iyalinki tun a tudu, ki kuma san cewa akwai tawagogin mata zalla. Maiden ɗin nan da aka yi wa dariya, wasu matan ne suka sake hawanta ƙarƙashin Heather Thomas, suka lashe tseren Ocean Globe Race a 2024.

Game da dokar saka mata a jiragen tsere, za ki ji masu cewa alfarma aka yi miki. Ga yadda abin yake. Daga 2002 zuwa 2014 babu tawagar mata a tseren Volvo, don haka da matan SCA suka shiga a 2014 sun tarar maza sun tara zagaye kan zagaye na gogewa. Sun sha wuya, sai a zangon Lisbon zuwa Lorient suka yi nasara. A tseren 2017 aka sauya doka: jirgin maza zalla mutum bakwai kawai zai ɗauka, wanda ya saka mata ya samu ƙarin hannu. Jirgin Dongfeng, wanda ya ci tseren, yana ɗauke da Carolijn Brouwer da Marie Riou. Kyaftin-kyaftin ɗin lissafi suka yi, ba tausayi ba. Ki karɓi gurbin ba tare da jin kunya ba, ki yi aikin da zai sa a sake kiran ki ko da an soke dokar.

Kuɗi kuwa, mai son jirgin kanta rabin shekararta a ofisoshi za ta ƙare tana neman mai ɗaukar nauyi. Koyi rubuta takardar neman tallafi, da tsara kasafi, da magana gaban kyamara. Kuma karanta kwantiragi da idon lauya. Clarisse Crémer ta gama Vendée Globe a kwana 87 a 2021, ta haihu a ƙarshen 2022, sai bankin Banque Populaire ya sallame ta a farkon 2023, yana cewa hutun haihuwa ya sa ta rasa mil ɗin da sabuwar dokar cancanta ke nema. An yi ca a Faransa, ta samu kamfanin L'Occitane, ta shiga tseren 2024 ta gama ta 11. Ita tana da suna da ya sa aka ji kukanta. Ke da kike farawa, kafin ki sa hannu ki tambaya a rubuce: in ciki ya zo, ko rauni ya kwantar da ni wata shida, wa ke riƙe jirgin, wa ke biyan inshora, kuma gurbina yana jira na ko a'a.